Koren Zaren Baba

Litinin, 1 ga Satumba

Malamar da ke koya mana yaren ƙasar nan ta ce kowa ya sayi littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi a yini, da yarensu, don hannu ya saba. Na sayi littafin. Maganar rubutu da yarensu kuwa sai dai ta yi haƙuri. Yini nake yi bakina a ɗinke, in ban zuba Hausa a wani wuri ba kaina zai fashe.

To ga abin da na yi yau. Wani tsoho ya kawo kwat na ulu shagon gyaran tufafi da nake aiki, asu ya ci masa rami a kafaɗa, girman ƙwayar wake. Na zaro zare daga cikin kalmasar kwat ɗin, don babu shagon da zai sayar maka da zaren da ya tsufa daidai da rigarka. Na saƙa ramin silli-silli, tsaye da kwance, awa huɗu. Da na gama na ba Mai Guga ya duba. Ya juya, ya juya, ya kai hanci kamar zai shinshina, bai ga wurin ba. Ya ɗaga mini babban yatsa. Iyakar hirarmu ke nan ni da shi wata goma sha huɗu, shi ma ba ɗan nan ba ne, yarenmu ba ɗaya ba.

Ɗakin bayan shago ba taga. Fitila ɗaya, tebur ɗaya, tururin guga. Yaya ce a gaba wajen kanta, ita ke karɓar kaya, ita ke dariya da masu kawowa. Ni muryoyi kawai nake ji ta labule.

Laraba, 3 ga Satumba

Ba cikinmu ɗaya da Yaya ba, gidansu ne ke jikin namu a gida. Amma tun ina rarrafe nake ce mata Yaya, ita kuma Auta. Ita ta riga ni zuwa da shekara tara, ita ta tsaya mini a takardu, ita ta kai ni wajen Mai Shago ta ce ga hannu. Ɗaki ɗaya muke, gado biyu, tsakaninsu ɗan tebur. In ba ita ba, ban san wanda zan ce wa “ina kwana” ya amsa mini ba a garin nan.

Yau muna shan shayi bayan mun dawo ta ce in sake ba ta labarin koren zaren Baba. Na ce haba Yaya, sau nawa? Ta ce ita dai daɗinsa take ji.

Na ba ta. Yadda wani direba ya kawo wa Baba rigar da wuta ta ƙona, ya dawo karɓa ya nemi ramin sama da ƙasa bai gani ba, sai ya hau faɗa wai an musanya masa riga, har mutane suka taru. Tun ranar Baba in ya gama gyara sai ya juya cikin rigar, daidai bayan wurin, ya yi suka uku da koren zare. Mai riga ya san inda ramin yake, Baba kuma ya san aikinsa ko bayan shekara ashirin. Ni ma haka nake yi. Ban taɓa sakin aiki babu shi ba.

Ta ce, “Da hannun hagu fa? Faɗa mini wannan ma.” Na faɗa. A makaranta dukan hannun ake yi, a gida Inna ta ɗaure mini shi da ɗankwali lokacin cin abinci. Baba kaɗai, da yake shi ma bahago ne, ya ce a waje ki miƙa da dama ki karɓa da dama, amma a shagona hannun da Allah ya ba ki shi zai riƙe allura.

Na ɗan yi hawaye. Ta shafa mini baya. Allah ya jiƙan Baba.

Juma'a, 12 ga Satumba

Ruwa tun safe. Takalmina na dama yana sha.

Talata, 16 ga Satumba

An kira ni gaba yau, abin da ba a saba ba. Wata mata ce mai farin gashi, tabarau a rataye a wuya da sarƙa. Daga gidan wasan kwaikwayo take, ita ke kula da kayan 'yan wasa. Makon jiya ta kawo tsofaffin kwat uku duk a yayyage, na gyara. Yaya ta ce in fito da su.

Matar ba ta duba gaban ba ma. Cikin ta juya kai tsaye, ta sa tabarau, ta daɗe tana kallon koren zaren. Irin kallon da Baba ke yi wa ɗinkin wani. Ta yi tambaya. Na tsinci kalma biyu, “wa” da “hannu”. Yaya ta yi dariya, ta dafa ƙirjinta, ta yi ta bayani, can ta nuna ni ta yi alamar guga da hannu. Matar ta kalle ni, ta yi mini murmushin da ake yi wa yara.

Da ta tafi na ce Yaya me ta ce? Ta ce, “Cewa ta yi aikin ya yi kyau.” Na ce duk doguwar maganar nan? Ta ce, “Auta ke nan, kin san su da surutu.”

Ban san me ya sa abin ya tsaya mini a rai ba. Wataƙila yunwa ce.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ikon Allah! Mai Shago ya ba ni hutun rabin yini, mutumin da ko atishawa ka yi sai ya duba agogo. Yaya ce ta faɗa mini, wai ya ce na gaji, in je in sha iska. Ta ce in bar mata gwangwanin allurar Baba za ta ɗaura wani maɓalli.

Na hau bas har ƙarshen layi na dawo. Na zauna a wani benci na ci burodi. Ba wanda ya kalle ni, ba wanda ya san ni. A aji sunan ƙasarmu suke kirana da shi in sun manta nawa. A shago ni ce “ta baya”. A gida 'yar tela ce, kowa ya san 'yar wane ce kafin in buɗe baki. Nan kuwa in na faɗi a titi sai an duba katina.

Duk da haka na ji daɗin hutun. Na sayo wa Yaya lemo.

Litinin, 6 ga Oktoba

Wannan kam sai na rubuta.

Malama ta zo aji da jaridar unguwa, irin wadda ake zubawa kyauta a tashar bas. Ta ce yau ba littafin yara, abin manya za mu karanta. Ta raba shafuka. Ta miƙo mini nawa tana murna, wai ga labarin wata 'yar ƙasarku, zai yi miki sauƙi.

Yaya ce. Hoto babba, rabin shafi. Tana zaune a kujerata, ƙarƙashin fitilata, gwangwanin Baba a buɗe a gabanta. Ta sa ɗan kunnenta na zuwa unguwa.

Malama ta ce in tashi in karanta da ƙarfi. Na tashi.

“Mahaifina tela ne. Bahago ne, ni ma haka. A makaranta ana dukan hannuna.” Haka na karanta, da yarensu, da bakina. Direba yana ciki. Rigar da wuta ta ƙona tana ciki. Suka uku na koren zare. Har ɗankwalin da Inna ke ɗaure mini hannu da shi, bai tsira ba. Can ƙasa an rubuta tana da mataimakiya mai yi mata guga.

Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta ina zan yi tuntuɓe, na san kowace jimla kafin in iso ta? Da na gama ajin ya ɗauki tafi. Malama har da cewa yau ce ranata, na tsallake. Wata goma sha biyar ina fama, abu na farko da na karanta daga farko har ƙarshe a ƙasar nan rayuwata ce, da fuskar wata a kai.

Allurar ma da hannun dama ta riƙe a hoton. Ko wannan ba ta kula ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Ban je aiki ba. Na ce mata kaina ke ciwo. Ta dafa mini goshi, ta bar mini magani a tebur.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na ajiye jaridar a kan gadonta. Ta shigo, ta gani, ta cire takalmi a hankali kamar ba komai. Sai ta ce, “Au, kin iya karatu yanzu.”

Wannan ce maganarta ta farko. Ba ta ce yi haƙuri ba. Wato da ma lissafinta ke nan, ba zan taɓa iyawa ba.

Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na san na ce kin ci amanata. Na ce Yaya, aikin hannuna kin daɗe kina karɓar yabonsa, na yi shiru don ban damu ba, amma ubana? Mutum ya rasa abin sata sai uban wani?

Ta ce, “Auta, mutanen nan ba ɗinki suke saye ba, labari suke saye. Sun zo da na'urar ɗaukar magana, wa zai yi musu magana? Ke? Ke kina da hannu ba baki, ni ina da baki ba hannu. In an haɗa ai mutum ɗaya ne.”

Na ce ni ba rabin mutum ba ce. Na ce ai da sai ki ce ga ta can a baya, ni zan fassara. Jimla ɗaya ce. Maimakon haka kika kore ni shan iska, ni kuma sakarya har da sayo miki lemo.

Ta ce shagon zai samu ciniki, kuma cinikin shago ai abincinmu ne mu duka. Ta juya ta fuskanci bango.

Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Duk daren da ta ce in sake ba ta labari, ashe hadda take yi. Ina kuka tana shafa mini baya tana hadda.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na kira Inna. Na zaci za ta yi ihu. Ta saurara har ƙarshe, sai ta ce, “To yanzu me ya ragu a jikinki? Yarinyar nan ita ta kai ki. Babanku da yana nan da dariya zai yi.” Ta ce kada in bari a ji mu a gida, uwar Yaya tana fama da ciwon ƙafa.

Na ce to, Inna. Kullum to.

Da na kashe wayar na zauna ina tunani, ko da gaske dariya zai yi? Ban sani ba. Na fara kasa jin muryarsa sosai, wannan ma ya fi ba ni tsoro.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Mai Shago ya sa jaridar a firam ya rataye a gilashin gaba. Kullum da safe sai na wuce ta gabanta in shiga ta baya.

Mutane sun yi yawa. Kowa koren zare yake so. Yaya ta sayo kwarkwaro guda babba ta ajiye a ƙarƙashin kanta, duk kayan da zai fita sai ta yi masa suka uku. Wandon da aka rage wa tsawo, suka uku. Siket da aka sa wa zif, suka uku. Jiya har jakar makaranta. Ba rami, ba gyara, ba komai a bayansa.

Baba shaida yake sawa, don mai riga ya san inda ciwon yake. Ita ado ta mayar da shi. Wallahi wannan ya fi jaridar yi mini zafi.

Mai Guga ya ga ina kallon kwarkwaron. Ya nuna firam, ya nuna ni, ya girgiza kai. Shi dai ya sani, amma shi ma bakinsa ɗaya da nawa.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na gyara gwiwar wani wando ban sa koren ba. Na miƙa shi haka. Duk yini ji nake kamar na fito ba ɗankwali.

Laraba, 22 ga Oktoba

Tirƙashi.

Kwana goma sha huɗu ba mu yi magana ba sai “miƙo” da “ga shi”. Yau Yaya ta shigo da kaza da lemo, tana ta kai-kawo, na san da magana. Ashe Mai Tabarau ce ta dawo, matar gidan wasan kwaikwayo. Ta karanta jarida. Mai yi musu gyara ta yi ritaya, suna neman wata, aikin dindindin, da takarda da komai. Yaya suke so.

Yaya ta ce musu za ta riƙa ɗauko aikin ta yi a gida. Matar ta ce kayansu ba sa fita daga ginin. Kuma kafin a sa hannu sai ta zo ranar biyar ga wata ta yi gyara ɗaya a gabanta.

Na yi dariya har na ƙware. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Ta ce, “Auta, koya mini. Sati biyu ne.” Na ce Yaya, shekara goma sha ɗaya na yi a gindin kujerar Baba kafin ya bari in taɓa rigar mutane. Na miƙa mata ƙyalle da allura na ce bismilla, zaro silli ɗaya kada ya tsinke. Ta tsinka shida.

Sai ta fashe da kuka. Ban taɓa ganin kukan Yaya ba, ko ranar da za ta baro gida. Ta ce ita ba ta san fuskar ubanta ba. Ta ce tana yarinya takan zauna a dokin ƙofar shagonmu tana kallon Baba yana gyara mini riƙon allura, tana cewa a ranta ina ma ita ce. Ta ce da ɗan jaridar ya tambaye ta wa ya koya miki, bakinta ne kawai ya tafi. “Shekara goma ina nan, Auta, ba wanda ya taɓa tambayata daga ina na fito sai ranar. Me zan ce? Ba ni da abin faɗa.”

Na ji tausayinta, ba zan ɓoye ba. Amma ko gama share hawaye ba ta yi ba ta kawo dabara. Za ta ɗaure hannu da bandeji ta ce ta gurɗe. Za ta tafi da ni a matsayin mataimakiya, ita tana faɗa da baki ni ina yi. In an ɗauke ta, sai ta ce ba ta aiki sai da ni.

Wato in sake komawa bayan labule, a gini mafi girma.

Na ce to. Ban san wanda ya ce ba, bakina dai ya ce.

Litinin, 27 ga Oktoba

Bayan an tashi aji na tsaya. Na tambayi Malama yadda ake cewa “ni na ɗinka” da “mahaifina ne, ba nata ba”. Ta dube ni ta ɗan jima. Ina jin ta tuna jaridar. Ba ta tambaye ni komai ba, ta rubuta a takarda, ta sa na maimaita sau biyar. Akwai wani harafi nasu da ke maƙale mini a maƙogwaro.

Ba wai zan faɗa ba ne. So nake kawai in san ina da shi.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ina wanke-wanke na kama kaina ina maimaitawa. Yaya na ɗaki tana gwada ɗaurin bandeji a madubi.

Laraba, 5 ga Nuwamba

An yi.

Ɗakin kayan gidan wasan yana hawa na uku. Taga uku manya, riguna a jere sun fi ɗari, warin tsohon yadi irin na shagon Baba sak. Na tsaya ina shaƙa.

Yaya ta shiga da bandejinta a hannun hagu, tana ta zuba. Mai Tabarau ta jajanta mata. Ta kawo wata riga mai nauyi, ja, da yaga a ƙarƙashin hannu, ta miƙo mini allura. Na karɓa da dama kamar kullum. Na zauna, na mayar da ita hagu. Na ga idon matar ya bi hannun.

Na fara aiki. Yaya na tsaye a kaina tana ba da umarni da yarensu, “ja nan, sassauta can”, duk ba daidai ba. In ta ce ja ina sassautawa. Ni dai na bi yadin.

Bayan kamar rabin awa matar ta tashi ta ɗauko kwat biyu ta shimfiɗa a tebur, ta juya cikinsu. Ɗaya cikin ukun farko ne da na gyara mata. Ɗayan nata ne na kanta, wanda ta kai shago aka canza wa maɓalli bayan fitowar jarida. Kowanne da suka uku na kore. Ta sa yatsa a kan na farko: sun kwanta ta wannan gefe. Ta sa a kan na biyu: sun kwanta ta wancan. Ɗinkin bahago ba ya kwanciya gefe ɗaya da na mai dama. Duk wanda ya tsufa da allura ya san wannan. Yaya ba ta sani ba, don ba ya cikin labarin da na ba ta.

Matar ba ta ko kalli Yaya ba. Ni ta kalla, ta yi magana a hankali, kalma-kalma, yadda zan gane. Ta nuna na farko ta ce, wa ya yi wannan?

Yaya ta ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, tana murmushi don kada a gane, “Auta, rufa mini asiri. Don Allah.”

Na tuna ranar da ta tarbe ni a filin jirgi da rigar sanyi a hannu. Na tuna uwarta da ƙafa. Na tuna Inna. Duk na tuna, kada wani ya ce ban tuna ba.

Na ce, ni na ɗinka. Harafin nan ya maƙale, na tura shi ya fita a karkace. Na ce, mahaifina ne. Sauran rabin, “ba nata ba”, ban faɗa ba. Ba a buƙata.

Yaya ta warware bandejin a hankali, ta naɗe shi, ta sa a jaka, ta yi wa matar sallama da ladabi ta fita. Matar ta ce in ƙarasa rigar. Na ƙarasa, hawaye na ɗiga, ina kauda kai kada ya taɓa yadin.

A tasha na same ta. Bas ɗaya muka hau, ita gaba ni baya.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ban ji ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Ta kwashe kayanta yau, ta koma wajen wata ƙawarta. Ba faɗa, ba zagi, da ma ta zage ni. Tana bakin ƙofa da akwati ta ce, “Kin yi baki yanzu, Auta. Allah ya sa ki samu wanda za ki yi magana da shi.”

Mai Shago ya sauke firam. Bai kore ta ba, kuma bai kamata ba. Babu wanda ya kai ta iya tarbar mutane, tsohuwa za ta shigo da fushi ta fita tana dariya. Wannan nata ne, ba ta ara a wajen kowa ba. Ban taɓa faɗa mata ba.

Inna ta kira sau uku. Labari ya isa gida. Ban ɗauka ba tukuna.

Gadon Yaya ba zanin gado. Na juya kujera don kada in riƙa kallonsa.

Talata, 25 ga Nuwamba

Sati ɗaya a sabon aiki, ni gidan wasan suka ɗauka. Teburina na jikin taga. An manna sunana a ƙofa, cikakke, ba kuskure ko ɗaya, don Mai Tabarau ta sa na rubuta mata da hannuna.

Ta ce in ina so za ta kira ɗan jaridar ya gyara labarin. Na ce a'a. Wajen shan shayi wata mai ɗinkin huluna ta ce in ba su labarin direban. Na buɗe baki, sai na ji da muryar Yaya yake zuwa mini, da kalmomin jarida. Na ce wata rana. Labarin ya sha hannu da yawa, ban san ta inda zan kama shi ba.

Kwana tara ban yi Hausa da kowa ba sai littafin nan. Har yanzu ina jin haushinta. In na ga abin dariya a bas kuma ita nake fara tunawa.

Juma'a, 5 ga Disamba

Na gama wata doguwar rigar sarauniya ta wasa, yaga uku a baya, kwana huɗu. Ta yi kyau, ko ni sai na laluba nake samun wurin.

Da na juya cikin zan sa shaida, rawaya na sa. Ba wani abu ba ne, shi ne a kusa da hannuna. Ina yarinya nakan roƙi Baba ya bar ni in sa rawaya, ya ce a'a, rawaya surutu gare ta.

Mai Tabarau ta duba, ta ɗaga tabarau ta ce ina koren? Na ce ya ƙare. Da yarensu na faɗa, bai maƙale ba. Ta ce to, wannan na wa ne? Na ce nawa.

Na tsaya a shagon kan kwana na sayi lemo, sai da na biya na ga guda biyu na ɗauko. Gobe Asabar, shagon su Yaya na rufewa da azahar. Ban ce zan je ba.

Koren bai ƙare ba. Yana cikin gwangwani, ko rabi ban ci ba.